Darasi na 14: Masu zubi a Zangon Ankara

Akra ita ce babban birnin Gana. Hausawa suna ce mata Ankara. A unguwannin Tudu, Nima da Mamobi akwai Hausawa da yawa. Waɗansu fatake ne, waɗansu mahauta, waɗansu kuma maƙera.

Maƙera iri biyu ne. Maƙerin baƙi yana dukan ƙarfe a kan uwar maƙera. Maƙerin fari narkarwa yake yi, ya zuba. Shi ne mai yin tukunyar sanholo, da murfi, da ludayi. Idan marikin tukunya ya karye, shi ke fitar da wani kamarsa.

Ga yadda aikin yake. Maƙeri yana da akwatin katako mai ɓari biyu. Yakan cika ɓarin ƙasa da rairayi mai laushi, haɗe da ƴar laka. Sai ya danna abin da yake son kwaikwaya a ciki, misali ludayi. Ya barbaɗa toka don kada ɓarin biyu su manne. Ya ɗora ɓarin sama, ya cika shi, ya daddaƙe. Sannan ya buɗe a hankali, ya cire ludayin. Siffarsa ta zauna a cikin rairayi. Ya huda ƙofar zubi, ya mayar ya rufe.

Sanholon kuwa daga bola yake zuwa: gwangwanaye, tsofaffin tukwane, da tarkacen mota. Da, babbar kasuwar tarkace tana Agbogbloshie, amma an rushe ta a shekarar 2021. Yaron maƙeri yana hura gawayi har zafi ya kai digiri 660. Nan sanholo ke zama ruwa. Maƙeri ya kwashe dattin da ya taso, ya tsiyaya ruwan ta ƙofar nan.

A nan ne haɗarin yake. Rairayi yana son danshi kaɗan kawai. In ruwa ya yi yawa, sai ya zama tururi nan take, ya watsa narkakken ƙarfe a jikin mutum. Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Darma, irin ta cikin batirin mota, guba ce. In ta shiga tukunya, za ta bi abinci, ta cutar da ƙwaƙwalwar yara. Shi ya sa maƙerin kirki yake tsince tarkacensa ɗaya bayan ɗaya.

Idan zubi ya huce, sai a fasa rairayi, a goge da magagari. Sabon ludayi ya ɗauko kome na tsohon, har da tabonsa. Sai dai ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. In aka riƙa kwaikwayon murfi daga kwaikwayo, wata rana ba zai rufe tukunya ba.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin maƙerin fari da maƙerin baƙi?
2. Don me ake barbaɗa toka?
3. Me ya sa ba a son darma a cikin tukunya?

Aiki
Kowa ya danna mabuɗi a cikin laka, ya cire. Malam zai tsiyaya narkakken kyandir a gurbin.