Magena ta yi wata biyu tana amai, ko ƙari ne?

Tambaya: Magena ta shekara 11 a hannuna. Wata biyu ke nan tana amai kusan kullum, ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Na ba ta maganin tsutsa, babu sauƙi. Wani ya ce ƙari ne a cikinta. Yaya ake ganewa? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Kin kyauta da ba ki ce ai halin kyanwa ne ba. Ta amayar da gashin da ta lasa jefi-jefi, wannan daban. Aman da ya wuce mako 3 ga rama, ciwo ne.

Sai dai kada hankalinki ya tashi tukuna. Ƙarin tumbi bai cika samun mage ba. A shekarunta, ciwon ƙoda, kumburin hanji da yawan aikin ƙwayar maƙogwaro sun fi kawo wannan, shi ya sa likitan dabbobi ke farawa da taɓa cikin, da gwajin jini, fitsari da kashi. Ki gaya masa idan kin ga jini a aman, ko kashinta ya yi baƙi ƙirin.

Daga nan sai sikanin, bayan ta kwana ba ta ci ba. Bangon tumbi hawa-hawa yake, kuma ƙari kan kaurara shi ya shafe layukan. Amma nan ne nake so ki fahimce ni sosai: hoto yana nuna akwai abu, ba ya faɗin sunansa. Limfoma, ciwon dajin da ya fi kama tumbin mage, yakan yi kama da kumburi na yau da kullum. Dole sai an zuƙo ƙwayoyin wurin da siririyar allura, ko a yi mata allurar barci a gutsuro ɗan nama, ta bututu mai kyamara ko ta tiyata, a duba a madubin likita.

Kafin nan, don Allah kada ki ba ta prednisolone. Yana lafar da limfoma ya ɓata sakamakon gwajin. Farasitamol kuwa guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi miki nisa ba. Ki rubuta ranakun da ta yi amai da magungunan da ta sha, ki tafi da takardar.