Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Zaɓen Zango A Kan Babbar Hanya

Makarantarmu tana ƙasar Kano, iyayena kuwa suna zaune a Suleja. Saboda haka sau 6 nake bin babbar hanyar nan ta Kano zuwa Abuja kowace shekara, zuwa da komowa. A da, ni dai abin da na sani game da tafiya shi ne in biya kuɗin mota, in nemi wurin zama kusa da taga. Inda za a tsaya a hanya kuwa ban taɓa ɗaukarsa abin tunani ba, sai da wani abu ya same mu a hutun da ya wuce. Shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labari, tare da darasin da na koya.

Mun tashi daga Kano da hantsi cikin wata bas ta haya. Da muka iso Zariya direba ya tsaya shan mai, ya ce wanda ke da uzuri ya sauka. Ina jin fitsari, amma kunya ta hana ni sauka, domin ni ne a can ƙurya, sai na ta da mutum uku kafin in fita. Na ce a raina zan daure. Ba mu yi nisa da barin Kaduna ba abin ya fi ƙarfina, na ce, "Malam direba, don Allah a taimake ni a tsaya."

Ya yi tsaki, ya ce, "Kai ɗan makaranta, ina kake sa'ad da muka tsaya a Zariya?" Duk da haka ya taka birki nan take. Ashe inda ya tsaya bayan wata kwana ce, ga gangara, tayoyin hagu kuma suna bisa kwalta. Na sauka, wata tsohuwa ma ta sauko da butarta. Ban ko kai bakin ciyawa ba sai muka ji ƙahon tirela. Ta zo ta shafi gefen motarmu, ta yi gaba da madubi, ta wuce. Da tsohuwar nan ta zagaya ta bayan mota kamar yadda ta yi niyya, da yanzu wani labari ake yi. Har muka isa Suleja ba wanda ya ce mini kome, amma ni na san wanda ya jawo.

Da na isa gida na kwashe labari na gaya wa kawuna, wanda ya daɗe yana tuƙin babbar mota. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaro, ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin tsayawa tun daga gida ake zaɓensa. In ka bari sai larura ta kama ka, to, larurar ce za ta zaɓa maka, ita kuwa ba ta da ido."

Ya ce wannan ba sabon ilmi ba ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna yin watanni a hanya, kuma ba su sauka inda dare ya riske su kawai. Madugu da jagaba sun san kowane zango tun kafin ayari ya tashi, watau inda akwai ruwa da ciyawar dabbobi da aminci. Har yau unguwannin baƙi a garuruwan Gana ana kiransu zango. Jaki ya zama mota, amma hikimar ba ta sāke ba. Ga abubuwa biyar da ya ce a duba.

Na farko, nisa. Daga Kano zuwa Zariya kusan kilomita 140 ne, Zariya zuwa Kaduna kusan 75, Kaduna zuwa Zuba, ƙofar Abuja, kusan 165. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ba da shawara direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa 2 ta tuƙi. In muka bi wannan, Zariya ita ce zangon farko ga wanda ya taso daga Kano. Kaduna kuwa ita ce ta biyu, ko da mutum bai gaji ba, domin bayanta akwai doguwar tafiya cikin daji. Dalilin hutun nan na gane shi da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa 3 kaɗai, motar ta yi tafiyar mita 83 ba mai riƙe da ita, watau ta kusa cinye tsawon filin ƙwallonmu.

Na biyu, fili. Wurin tsayawa na kirki shi ne inda mota za ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, tayoyi huɗu duka, kuma mai zuwa daga baya ya hango ta daga nesa. Ba a tsayawa a kan kwana, ko bayan tudu, ko kan gada, ko gindin gangara inda birkin babbar mota kan tsinke. In kuwa lalacewa ta tilasta, sai a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya nesa da mota, fasinjoji su fita ta gefen daji su yi nesa da titi. Ganyen da direbobinmu kan karyo su zuba a hanya ba ya haske da dare, kuma sau da yawa akan tafi a bar shi ya zama tarko ga wani.

Na uku, mutane. A tsaya cikin gari ko a wurin da jama'a ke hada-hada, kamar Kwanar Ɗangora ko Tashar Yari ko Mararrabar Jos ko Tafa, kada a tsaya a daji don an ga inuwa mai kyau. Tsakanin 2017 da 2022 masu satar mutane sun addabi matafiya a yankin da ke tsakanin Kaduna da Jere, ba wanda ya manta da wannan. Shi ya sa kawu ya ce a tsara tafiya yadda za a ratsa daji da rana. Amma ba kowane taro ne aminci ba. A watan Janairu na 2025 wata tankar mai ta faɗi a mararrabar Dikko, kusa da garinmu. Jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. In ka ga tanka ta faɗi, wannan ba zango ba ne, wuce ka yi nisa.

Na huɗu, biyan bukata. Zango mai kyau yana tara abin da mutum da mota suke so a wuri ɗaya: masallaci da ruwan alwala, makewayi mai tsabta na maza da na mata, gidan mai, mai faci da bakanike. Kawu ya ce mata da tsofaffi da yara su ne suka fi wahala in an tsaya inda ba makewayi, su kuma suka fi jin nauyin faɗa. Motar ma tana da hakki. Sai direba ya zagaya ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga. Amma kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa ya ƙona fuska.

Na biyar, abinci. Ciwon ciki a hanya yakan tilasta wa mutum tsayawa a mugun wuri. A nemi abincin da aka sauke daga wuta da zafinsa, ko tsiren da aka gasa a gaban idonka, ko abin da kai za ka ɓare da hannunka, kamar ayaba da lemo da dafaffen ƙwai. A guji abin da ya wuni a buɗe ƙuda na bi. Inda direbobi suka saba cin abinci galibi ana ciniki da sauri, abinci ba ya kwana. Shi kuma direba kada ya cika ciki da tuwo da rana tsaka, domin ƙoshi ƙanin barci ne.

Na ce, "Kawu, ai duk wannan aikin direba ne, mu fasinja ina ruwanmu?" Ya ce, "Wa ya tsai da motarku a kan kwana, direba ko kai?" Na sunkuyar da kai.

Ran da za mu komo makaranta, tun a tasha na tambayi direba inda zai tsaya, ya ce Kaduna da Zariya. Da muka iso Kaduna na ta da mutum uku na fita, ban ji kunyar kowa ba. Saura 'yan makonni a ba mu hutu, kowa zai kama hanyar garinsu. Ina roƙonku ku tambayi direba zangonsa kafin mota ta tashi, in ya tsaya kuma ku sauka. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.