Kafin ki bi maigida Ingila

'Yar'uwa, idan maigida ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin a Birtaniya, ku fara duba albashinsa kafin a biya kuɗin biza. Tun Afrilun 2024 ana neman fam 29,000 a shekara, takardun albashi da na banki su tabbatar.

Ana kuma buƙatar gwajin tarin fuka, kuma sai a asibitin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi, kamar na IOM a Abuja ko Legas. Wata shida takardar gwajin take aiki, kada ki yi shi da wuri.

Ki duba sunanki da kyau. Hauwa'u a takardar aure, Hauwa a fasfo, wannan kaɗai yakan jawo tambayoyi. Kuma don Allah kada ki bari dillali ya cike miki fom da ƙarya, domin ana iya hana ki shiga ƙasar har shekara 10.