DARASI: MAGANI KO AIKI? YADDA MAJINYACI ZAI AUNA KAFIN YA ZAƁA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa, sau da yawa muna ganin dattijo ya tashi daga Cadakori, an tura shi asibitin Gidan Runji ko Maradi, likita ya ce masa: akwai magani, akwai kuma aiki, sai ka zaɓa. Sai ya komo gida zuciyarsa ta rabu biyu. Wannan ya ce wane da aka yi wa aiki bai tashi ba, wancan ya ce ƙwaya ɓarnar kuɗi ce. Daga nan sai tsoro ya yanke masa hukunci alhali bai san abin da ya bari ba.

Mu ɗauki misalin da ya dami dattawanmu har a wajen tsarki da alwala, wato wahalar fitsari da kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara ke kawowa, wadda likitoci ke kira furostat. Magani yana sassauta ta, amma kullum ake sha, kuma in an bari galibi wahalar takan komo. Aiki yakan kawo sauƙi mai daɗewa, amma akwai kwanciya asibiti, da hatsarin zubar jini, kuma yakan taɓa haihuwa. Ɗan shekara 75 da magidancin da ke fatan ƙarin zuriya ba za su auna wannan da mudu ɗaya ba.

Saboda irin haka ne masana, musamman a birnin Ottawa na Kanada, suka tsara takardun taimakon zaɓi. Takarda ce da ke jera hanyoyin kafaɗa da kafaɗa, da amfanin kowace da hatsarinta. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 105 ya nuna masu amfani da su sun fi sanin abin da suka zaɓa, kuma sun fi samun natsuwa. Mu ma muna iya yin tamu, da boko ko da ajami. A rubuta tambayoyi biyar a tafi da su:

1. Mene ne sunan cutar, kuma me zai faru in an jinkirta?
2. Cikin mutum goma da suka sha maganin, nawa suka sami sauƙi? Cikin goma da aka yi wa aiki fa?
3. Wace illa ke biyo bayan kowace hanya?
4. Nawa ne kuɗin magani na shekara, nawa ne na aiki har da mota da jinya?
5. Kwana nawa zan yi ban shiga gona ba?

Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗansa, ko ya jera tsakuwa goma likita ya ware masa. Tambayar likita ba raini ba ce.

Ku sani zaɓin haƙƙin majinyaci ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya wadda Annabi (S.A.W.) ya bayyana mata hanya biyu, ya bar ta ta zaɓa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar cewa sai da izinin majinyaci baligi mai hankali ake yi masa magani. Don haka miji ko babban wa mai ba da shawara ne, ba mai tilastawa ba.

Sai dai a kula: ba kowace cuta ce ke da hanya biyu ba. Yanar ido ba ta fita da ɗigo. Gwaiwar da hanji ya sauko cikinta ƙwaya ba ta rufe ta, kuma in ta shaƙe, da ciwo mai tsanani da amai, ko naƙuda ta tsaya, ko fitsari ya toshe ɗungum, to babu zaman shawara, sai a nemi mota nan take. Majalisar da muka ambata ta ce ceton rai na gaggawa ba ya jiran izini.

Idan bayani ya kammala, sai a yi shawara da iyali, a yi istihara, a zaɓa, a dogara ga Allah.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi mana zaɓi mafi alheri. Amin.