Haɗarin Haɗiye Ƙarfen Daidaita Haƙora

A Rigachikun, kamar sauran garuruwan da ke bakin Kaduna, akan ga yara da ƙarfe a baki, watau waya da 'yan ƙananan maɗaurai waɗanda likita ke liƙa wa haƙora don su daidaita. Aikin yakan kai shekara biyu. A cikin wannan lokaci wani gutsure yana iya ɓallewa ya faɗa maƙogwaro, ko a kujerar likita ko wajen tauna rake.

Hanya biyu ce a wuyan mutum, ta abinci da ta numfashi. In abin ya bi ta abinci, galibi yakan fita da bayan gida cikin 'yan kwanaki. Duk da haka a nuna yaron ga likita, domin waya mai tsini tana iya huda hanji. Kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a sa shi amai.

Wadda ta fi haɗari ita ce hanyar numfashi. Yaro zai sarƙe, ya yi ta tari, can kuma tarin ya lafa, iyaye su ce an rabu lafiya. Ba haka ba ne. Sau da yawa abin ya gangara ne cikin huhu, yawanci na dama, don bututunsa ya fi faɗi, ya fi miƙewa. Bayan makonni sai zazzaɓi da tarin da ba ya jin magani su biyo baya. Lalle ne a kai yaron asibiti ran nan, a ɗauki hoton ƙirjinsa, a kuma gaya wa likita irin abin da ya ɓalle, domin roba ba ta cika fitowa a hoto ba.

Tun 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya zura bututu ya ciro ƙashi daga hanyar numfashin mutum ba tare da yanka ba, kuma da irin wannan dabara ake aiki har yau. Akwai likitocin maƙogwaro a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa cikin Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya.

In yaro ya kasa magana da tari, a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar, in bai fita ba a rungume shi ta baya a matsa saman cibiya sau biyar, ana neman mota. Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa, malamansu kuma su karanta wannan a makarantu.