Darasin kiyon lafiya: Yadda ake kula da murhun gaz a gida

Itacen girki yana ƙara nisa, yana ƙara tsada. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a shekara ta 2011, ƙasarmu tana fidda gaz nata na girki. Gidaje da yawa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun sayi tukunyar gaz, wasu mai kilo 6, wasu mai kilo 12 da rabi.

Amfanin gaz a fili yake. Ba ya hayaƙin da ke ɓata ido da ƙirjin mata da yara. Abinci yana dahuwa da sauri. Itatuwan da ke tsare gonakinmu daga iska da rairayi kuma suna samun hutu. Amma murhun da ba a kula da shi yana iya jawo gobara ko rasa rai. Haɗarinsa iri 2 ne: gaz ya tsiyaye, ko kuwa ya ci da wuta ba yadda ya kamata ba. Duka biyun ana iya gane su tun da wuri.

Halin gaz

A cikin tukunya, gaz ruwa ne da aka matse da ƙarfi. In an buɗe makunni sai ya zama iska ya fito. Akwai halaye 3 da ya kamata kowa ya sani.

1. Gaz ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ya tsiyaye, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwantawa, ya taru a kusurwa, ƙarƙashin gado ko cikin rami. Ƙwayar ashana guda ta isa ta tada shi.

2. Gaz ba shi da wari na kansa. A matata ake zuba masa wani magani mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, domin hanci ya ji shi in ya fita. Warin nan gargaɗi ne, kada a raina shi.

3. Zafi yana kumbura gaz. Shi ya sa ba a cika tukunya har baki. Wajen kashi 80 cikin 100 ake zubawa. Saboda haka kada a bar tukunya cikin rana, ko kusa da murhun itace, ko kusa da kaskon gawayi.

Wurin ajiye tukunya

A ajiye tukunya a tsaye, bisa ƙasa mai laɓɓa ɗaya, cikin inuwa, inda iska ke shiga tana fita. Rumfa ko madafa mai taga sun fi. Kada a ajiye ta a ɗakin kwana. Kada a bar gindinta cikin ruwa, domin tsatsa tana cin ƙarfe. In za a kai ta canji, a ɗaure ta a tsaye bisa amalanke ko kabu-kabu. Kada a gangara ta a ƙasa. Wajen karɓar sabuwa, a duba hatimin bakinta. A ƙi karɓar wadda ta lotse ko wadda tsatsa ta ci.

Abin da za a riƙa dubawa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka gaz yake: ta ƙaramar kafa yake fita. Ga wuraren da kafar ke samuwa.

Zoben roba. Tsakanin tukunya da kan murhu akwai ɗan zoben roba mai hana tsiyaya. Duk lokacin da aka canza tukunya, a duba shi. In ya bushe, ya tsage ko ya ɓata, a sa sabo. Kada a maye gurbinsa da leda, zare ko tsumma.

Tiyo. Babbar tukunya tana da ƙarfen da ake ɗaurawa a bakinta mai rage ƙarfin gaz, wanda masu sayarwa ke kira detandar, sannan tiyo ya kai gaz zuwa murhu. A lanƙwasa tiyon da hannu a duba. In an ga tsaga, ko ya yi tauri, ko ɓera ya taɓa shi, a canza shi nan take. Tiyon gaz na gari yana da shekara a rubuce a jikinsa. In shekarar ta wuce, a canza shi ko da ya yi kama da lafiyayye. Ga amfanin karatu! Tiyon ban ruwa ba na gaz ba ne. A ɗaure bakunan tiyo 2 da maɗauri na ƙarfe, kuma kada ya taɓa wuri mai zafi.

Kan murhu. Miya, kunu da mai suna zuba su toshe ƙananan hujojin da wuta ke fitowa. Ƙurar hunturu da gizo-gizo ma suna toshe su. Sau ɗaya a mako, a rufe gaz, a bari murhu ya huce, a wanke kansa da ruwan sabulu da tsohon buroshi, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Ɗan ƙaramin hujin da gaz ke fitowa daga ƙasa kuwa, kada a buɗa shi da ƙusa ko allura. In ya faɗaɗa, gaz zai yi yawa, wutar ta lalace. A kai wa mai gyara.

Gwajin ruwan sabulu

Wannan gwaji ba ya cin kuɗi. A kaɗa sabulu cikin ruwa har ya yi kumfa. A buɗe tukunya, makunnin murhu yana rufe. A shafa kumfar a bakin tukunya, a mahaɗai da jikin tiyo. In kumfa tana hurowa tana girma, gaz yana fita daga nan. A rufe, a gyara kafin a kunna. A yi gwajin duk lokacin da aka ɗaura sabuwar tukunya. Har abada kada a nemi wurin tsiyaya da ashana.

Launin wuta

Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana tsaye, tana zagaye kan murhu daidai. In ta koma rawaya, tana lilo, tana baƙanta gindin tukunyar girki, to iska ba ta isar ta, ko hujoji sun toshe. Irin wannan wuta tana cinye gaz a banza, kuma tana fidda guba. A kashe, a share. In ba ta gyaru ba, a nemi mai gyara.

Wajen kunnawa, a ƙyasta ashana tukuna, sannan a buɗe gaz. In an gama girki, a rufe makunnin tukunya. Kada a kwana da shi a buɗe. Masu tukunyar kilo 6, wadda ake ɗaura wa murhu a ka, su kiyaye ɗora babbar tukunyar tuwo: tana maida zafi ƙasa, kuma tana iya kifewa wajen tuƙi. In gaz ya kusa ƙarewa, kada a kwantar da tukunya ko a gasa ta domin a samu saura. Kada kuma a juye gaz daga wata tukunya zuwa wata a gida.

In an ji warin gaz

1. A rufe makunnin tukunya.
2. A kashe duk wata wuta da taba.
3. A buɗe ƙofa da taga.
4. Kada a kunna ko a kashe lantarki. Ɗan tartsatsi ya isa.
5. A fitar da yara da tsofaffi.
6. In warin bai tsaya ba, a fitar da tukunya fili, nesa da wuta. In abin ya fi ƙarfi, a kira masu kashe gobara a lamba 18, daga waje.

Murhun girki ba na jin ɗumi ba ne

A nan ne babban haɗari yake, musamman lokacin ɗari, a watannin Disamba da Janairu. Wasu sukan rufe ƙofa da taga, su kunna gaz ko su shigo da kaskon gawayi, su kwanta. Duk wutar da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga tana fidda wata iska mai guba, wadda likitoci ke kira kabon monoksid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Mai barci yana iya mutuwa bai farka ba.

Wani zai ce: ai a ƙasashen sanyi da gaz suke ɗumama ɗaki. Gaskiya ne. A Kanada, Amurka da Faransa akwai murhun ɗumi na ƙarfe mai fuskar gilashi, wanda ake sakawa cikin bango, yana aiki da wani gaz mai suna propan. Amma irin da aka fi amincewa da shi yana da bututu 2: ɗaya yana jawo iska daga waje, ɗaya yana fitar da hayaƙi waje. Ana kiran gwani ya duba shi sau ɗaya a shekara, kafin sanyi. Ana kuma rataye wata na'ura mai ƙara in guba ta taru. Murhunmu na girki ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Maganin ɗari a wurinmu shi ne bargo da riga mai kauri. Wuta kuwa a fitar da ita kafin a kwanta.

In mutanen ɗaki guda suka kama ciwon kai da jiri tare, alhali wuta tana ci, a fitar da su fili da sauri, a kashe wutar, a kai su gidan likita ko da sun ce sun ji sauƙi.

In wani ya ƙone

A zuba ruwa mai tsabta mai sanyi bisa wurin har minti 20. Kada a shafa mai, ƙwai, toka ko man goge haƙori. Kada a fasa ƙurajen. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi gidan likita. In mai ne ya kama da wuta cikin kasko, a rufe gaz, a kifa marufi a kai. Kada a zuba ruwa.

Ƴan'uwa, rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa matan gida da maƙwabta.

Tambayoyi

1. Ina gaz yake taruwa in ya tsiyaye?
2. Wane launi ne na wuta mai kyau?
3. Da mi ake neman wurin tsiyaya?
4. Domin mi ba a kwana da wuta a rufaffen ɗaki?
5. Lissafi: nauyin tukunya marar komi yana rubuce a jikinta. In an rubuta kilo 13, aka auna ta a sikeli aka samu kilo 18, kilo nawa na gaz ya rage?