Yadda ake shuka karas a lambun gida a Gombe

Karas amfanin sanyi ne, don haka mai son shuka shi a cikin gida a Gombe sai ya jira damina ta ɗauke. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ne lokacin da ya fi dacewa. Yana ɗaukar kwana 70 zuwa 90 kafin ya nuna, wanda kuwa ya yi jinkiri har ƙarshen Janairu, karas ɗinsa zai haɗu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kusanci digiri 40. Zafin nan kan sa ya fito gajere, ya yi tauri, zaƙinsa ya ragu.

Kafin a ɗauki fartanya, a fara lissafin ruwa. Manoman rani na Dadin Kowa suna da madatsar kogin Gongola kusa da su, amma a unguwannin cikin gari da dama ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Ni a ganina fangali ɗaya mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ko 3 ya isa mafari. Ƙaramin wuri da ke samun ruwa kullum ya fi babban wuri da ake shayarwa yau a bar shi gobe. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk suna da amfani, banda mai sabulu.

Ƙasar Gombe mai yashi, wadda zaizaya ke ci duk damina, ita karas yake so. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa 6. A tona zurfin kamar santimita 30, a farfasa ɓurɓushin ƙasa, a tsince tsakuwa da guntayen bulo da leda, domin saiwar karas in ta ci karo da abu mai tauri sai ta lanƙwashe ko ta rabu biyu. Sai a gauraya ƙasar da takin shanu ko na awaki wanda ya daɗe ya ruɓe, ya koma baƙi, ba ya wari. Ɗanyen taki ɓarna yake yi: ganye ya yi yabanya, a tono a tarar da karas mai ƙafafu da gashi. In tsakar gidan siminti ne, buhu ko bokiti mai zurfi ya wadatar, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita.

Iri kuma a saye shi a shagon kayan noma, a duba kwanan watan da ke jikin fakitin, don tsohon irin karas ba ya fita da kyau. Irin da ake kira Nantes yana da laushi da zaƙi, Kuroda kuma ya fi jure zafi. Ƙwayar irin ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ake cakuɗa ta da busasshen yashi a tafin hannu kafin a yafa. A ja layi da yatsa, zurfin santimita 1, tsakanin layi da layi kamar taƙi ɗaya, a zuba, a rufe da ƙasa kaɗan. Ba a dasa karas kamar tumatir. Inda aka shuka shi nan zai zauna har a cire shi.

Akwai wata dabara da nake so masu lambun gida su gwada, wato a jefa 'yan ƙwayoyin radish cikin layin. Radish ɗan jan tushe ne mai ɗan yaji da ake yankawa a salak. Cikin kwana 3 zuwa 5 ya tsiro, sai ya nuna maka inda layinka yake tun karas bai leƙo ba, domin shi karas yakan yi sati ɗaya zuwa uku a ƙasa. Cikin wata guda an tuge radish an ci, ya bar wa karas wuri. Kada a bar shi ya wuce lokacinsa, cikinsa kan koma kamar soso.

Kwanakin jiran tsiro su ne masu wuya. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa kafin azahar, in kuwa irin ya fara tsagewa sannan ya bushe, ya tafi ke nan. A lulluɓe fangalin da busasshiyar ciyawa, a yi yayyafi safe da yamma ta gwangwani mai huji, ba a kwara da bokiti. Da an ga tsiro, a ɗage ciyawar. A kuma kewaye wurin da kara ko tsohon gidan sauro, saboda kaji da ƙadangaru.

Ganye biyu sirara ne ke fara fitowa, har mutum ya ɗauka ciyawa ce, sai daga baya na uku mai yatsu-yatsu ya biyo. Idan tsiron ya kai tsawon ɗan yatsa, lokacin ragewa ya yi, kuma nan ne mutane da yawa kan ji tausayi su ƙyale. Kada a ƙyale. A jiƙa ƙasar da yamma, a tsuguna, a zare raunanan ɗaya bayan ɗaya har ya zama akwai faɗin yatsa uku tsakanin kowane biyu, a danne ƙasar gefen waɗanda suka rage. Za ka ji ƙamshin karas a yatsunka tun tushen bai fi zare kauri ba. Karas da aka bari a cunkushe ba ya yin kauri, komai takin da aka ba shi.

Daga nan ban-ruwa ya koma sau ɗaya a rana ko bayan kwana biyu, amma ya ratsa ƙasa sosai. In aka bar shi da ƙishirwa sannan aka cika masa ruwa, tsagewa yake yi. Ciyawa da hannu ake cire ta. Duk kan karas da ya leƙo waje a tura masa ƙasa, in ba haka ba rana ta mayar da shi kore, ya yi ɗaci.

Bayan wata biyu da rabi a tone gefen guda ɗaya a duba. In kaurinsa ya kai babban yatsa, ya isa ci. A shayar da fangalin tukuna, a kama gindin ganyen a murɗa a ja sama. A yanke ganyen nan take don kada ya tsotse ruwan tushen, a ba zomaye ko awaki. A riƙa cire na buƙatar yini kawai, sauran su zauna a ƙasa, amma a tabbata an kwashe duka kafin zafin Maris ya kankama.